Allurar Sin da Hannun Inna

Tun da na dawo daga ƙasar Sin bakina bai huta ba. A asibiti tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, hatta mai keken da ya ɗauko ni daga tasha sai da ya waiwayo yana tuƙi ya ce, "Likita, don Allah wai da gaske ne maciji suke ci?" Madam Rifkatu kuwa, abokiyar aikina 'yar Ibeto, da ta hango ni sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya daga nan, Lawali, kar ka soka mini basilla." Na ba da labarin nan har ya fara canja kama a bakina, kullum jirgin ƙasan da na shiga a can ƙara gudu yake. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya tun ban zama maƙaryaci ba.

Da farko dai ni ba likita ba ne. Ma'aikacin gashin ƙashi ne ni, amma a Kontagora in dai ka sa farar riga ka gama zama likita. Kuma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, hannun Inna ne.

Shekara biyu ke nan da hawan jini ya kayar da ita, ɓarin hagu ya shanye. Da magani da gashi da motsa jiki ƙafa ta dawo, tana takawa da sanda. Hannun ma yana ɗan motsi, sai dai ba ya jin komai. Wata safiya ƙanwata Rabi ta kira ni tana kuka. Inna ta dafa tandar waina tana kan wuta, ƙaurin fata ne ya sanar da mutanen gida, ita kuwa tana ta hirarta. Na zo na durƙusa ina wanke ƙunar, na ce, "Inna, yaya hannun?" Ta kawar da kai wajen Rabi ta ce, "Da sauƙi."

Haka take. Ni ne ɗanta na fari, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Yayanku" take cewa, in ta so tsokana ta ce "na asibiti". Ko ina zaune a gabanta, ta wajen Rabi take biyo da magana. Ranar nan na kasa cin abinci, don duk abin da na iya na yi wa hannun nan, ilimina ya ƙare. Da na ga sanarwar wani kwas na wata shida a Sin, na koya wa ma'aikatan lafiya allurar nan tasu ta gargajiya, kuma na ji suna yi wa masu shanyewar jiki, sai na cike takarda ba don na sa rai ba. Ashe da rabo.

Na bar gida bayan sallar asuba. Inna ba ta fito ba, ta dai aiko Rabi da ƙunshin kilishi da kwalbar yaji, da saƙon a gaya mini in riƙe salla. Direbanmu wani Banufe ne mai surutun tsiya, amma da muka shiga dajin nan da kowa ya sani sai ya kashe rediyo, mota ta yi tsit, ba ka ganin komai sai motsin leɓe. Muna fita ya dawo da surutunsa. Da ya ji inda za ni ya ce, "Caina? To don Allah ka ce musu su ji tsoron Allah, su daina yi mana abin caji mai mutuwa bayan sati ɗaya." Taya ta fashe mana kafin Zungeru, muka yi zaman jira a Minna, sai bayan la'asar muka shiga Abuja, ƙashin bayana kamar ba nawa ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ban taɓa shiga jirgin sama ba. Allah ya haɗa ni kujera da wani Alhaji ɗan kasuwar takalma, wanda zuwa Sin ya zame masa kamar zuwa Kaduna. Da jirgi ya ɗaga na damƙe hannun kujera da iya ƙarfina. Ya dube ni ya ce, "Malam, saki. Ba kai ke riƙe da shi ba." Muka sauya jirgi a Addis Ababa, ya ja ni kamar akuyar da aka sayo, har ya nuna mini inda ake alwala. Nasiharsa ɗaya ce: abin da ban gane ba kar in ci, wanda na gane ma in tambaya.

Muka sauka a Gwanzu, wani babban birnin Sin. Jama'a, gani ya kori ji. Filin jirgin nan in aka ɗauko shi aka ajiye a nan, ina jin zai haɗiye rabin Kontagora. Wata na'ura mai muryar mace ta ɗauki zanen yatsuna, aka buga mini hatimi, har na fara jin kaina wani ne. Sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, da rigar aikinsa, ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Jami'in da ke riƙe da shi ya sa farar safar hannu ya buɗe jakar, ya zaro kilishin, ya nuna mini hoton nama da aka ja wa jan layi. Ina kallo ya jefa shi a kwandon shara. Kilishin Inna! Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ya buɗe kwalbar yaji ya shinshina, ya yi atishawa uku a jere, ya rufe ya miƙo mini yana ɗaga babban yatsa. Alhaji ya matso ya ce, "Ai na gaya maka." Bai gaya mini ba.

Daga nan muka rabu, na shiga jirgin ƙasa zuwa Cengdu, garin da makarantar take. An ce nisan ya fi daga Kontagora zuwa Maiduguri. Na ɗora kofin ruwa a ɗan teburin gabana don gwaji, ko motsi bai yi ba, alhali a waje gari na zuwa yana wucewa kafin ka gama kallonsa. Dutse in ya tare hanya ba a zagaya shi, huda shi aka yi. Mu shiga duhu mu fita, mu shiga mu fita, har na gaji da ƙirga. Na tashi da hantsi, na yi la'asar a Cengdu. Na tuna tayar Zungeru, na yi dariya ni kaɗai har wata mata ta matsa da jakarta.

Masaukinmu hawa na goma sha ɗaya ne. Abokin ɗakina Halim, likita ne na gaske ɗan Malesiya, Musulmi, uwarsa Basiniya ce don haka yana jin yarensu. Shi ya zama bakina da kunnena. Babu buta a bayin, sai gorar lemo na mayar buta, kuma ita ce abu na farko da na mallaka a ƙasar Sin.

Mutanen nan da ruwan zafi sai Allah. Ka ce ƙishirwa kake ji, ruwan zafi. Ka ce kanka na ciwo, ruwan zafi. Kowa da gorarsa a hannu kamar carbi. Gaisuwarsu kuma guntuwa ce, "Ka ci abinci?" shi ke nan, an wuce. Ran farko na tsare mai gadin gininmu na sa Halim ya fassara mini gaisuwa irin tamu: ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya yara, yaya mai ɗakin. Fuskar bawan Allah ta canja, ya zaro waya ya kira gida, ya ɗauka wani abu ne ya faru muka zo gaya masa. Da sassafe kuwa in ka leƙa filin da ke bayan gininmu, tsofaffi ne cike, suna motsi a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa. Na ga wata tsohuwa da ta girmi Inna ta ɗora ƙafa a kan ƙarfen da ya kai kafaɗarta, tana hira da ƙawarta. Na tsaya da baki buɗe, ni da aikina ke nan na san abin da nake kallo.

Abinci kuwa, Allah ya yi mana gyaɗar dogo da wani shagon Musulmi kusa da makaranta. Mai shagon da farar hularsa, sallama ce kaɗai kalmar da muka haɗa da shi, kuma ta wadatar. A gabanka zai ja ƙullun fulawa da hannu, ya ninka ya ja, ya ninka ya ja, sai ga taliya siri-siri. Ran da na fara ci, loma ta uku na ji leɓena ya mutu. Harshe ya yi nauyi, gefen baki na zir-zir. Innalillahi! Na ajiye tsinkayen cin abincin, na ɗaga hannu biyu sama in ga ko ɗaya zai faɗi, na buɗe waya ina yi wa kaina murmushi in ga ko baki ya karkace. Na ce, "Halim, kai ni asibiti, abin Inna ne ya same ni." Halim ya yi dariya har ya ƙware. Ya tsamo wata 'yar ƙwaya kamar masoro daga romon, ya ce barkonon garin ke nan, kashe baki yake yi, kuma don haka suke son sa. Na taya shi dariya, amma da muka fito ina taɓa leɓena ba na ji, sai jikina ya yi sanyi. Minti goma kawai na yi a haka na rikice, Inna kuwa shekara take ciki.

Asibitin da muke karatu shi ne ya fi ɗaure mini kai. Ina tsammanin zan ga 'yar rumfa da saiwoyi, sai na ga bene mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa a ƙasa, masu allura a sama, kuma majinyaci ɗaya ne ke hawa ya sauka tsakaninsu. Ɗakin magani bango guda ne na ƙananan aljihunan katako, ɗaruruwa, ma'aikata na jawowa ba tare da sun duba rubutu ba, suna auna ɓawo da saiwa a ɗan sikeli. Wani hayaƙi na tashi a ɗakin allura, ina shaƙa na ce, "Kai, wannan ai tazargade ne!" Ɗan'uwansa ne, suna naɗe shi su kunna su gasa wurin ciwo. Ƙaho ma suna yi, amma da kofin gilashi da wuta. Na tuna wanzamin unguwarmu da muke yi wa kallon baya, na ce da a nan yake da yanzu yana da ofis.

Malamarmu sunanta Malama Lu, 'yar ƙaramar tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba, da takalmin yadi, shekarunta sun haura saba'in. Ta bayyana mana cewa a ilminsu jiki yana da hanyoyi kamar magudanan ruwa a lambu, in ɗaya ta toshe fegin da ke gaba ya bushe, allura ce ke buɗewa. Na ce mata ni dai jijiyoyi na karanta, ban ga hanyoyin nan a littafinmu ba. Ta ce in riƙe littafina da kyau, in ƙara da nata. Sannan ta kama hannuna, ta ɗora yatsu uku a kan jijiyar wuyan hannu, ta rufe ido, ta ce in fito da harshe. Ta yi magana, Halim ya fassara: "Ta ce ba ka cin abincin safe, kuma akwai abin da ka baro a gida yana cin ka." Na ce a'uzubillahi, ko tsohuwar nan duba take yi? Halim ya ce ba duba ba ne, shekara hamsin ne na taɓa hannun mutane.

Majinyatansu su ma abin kallo ne. Tsoho zai zauna ya zayyana ciwonsa dalla-dalla, suka ne ko nauyi, da safe ya fi ko da yamma, gumi nawa ya yi, har bayan gidansa launi da kauri, kuma a gaban matar ɗansa! Ni da ba ni na faɗa ba ni kunya ta kama.

Dokar Malama ɗaya ce. Wata ukun ƙarshe a kan majinyata za a yi su, kuma wanda ta yarda da hannunsa ne kaɗai zai shiga. Wanda ba ta yarda da shi ba ya koma ƙasarsu da takardar shaidar ya zo ya gani. Wata guda muka yi muna sukar dunƙulen takarda da aka ɗaure da zare, har yatsuna suka yi kanta. Daga nan aka ce mu fara sukar juna. Ta ja mana kunne: wanda aka soka dole ya faɗi abin da yake ji. In nauyi ne, ko tsami, ko wani abu mai tafiya, allura ta samu wuri. In zafi ne mai tsini kamar ƙaya, an kauce, a zare.

Na kwanta, Halim ya soka mini a ƙasan gwiwa. Wayyo Allah! Kamar harbin kunama, har yatsan ƙafa. Ya ce, "Yaya?" Na duba, 'yan aji sun zagaye ni, rabinsu mata. Ni Lawali, da gemuna, in yi raki a kan abin da bai fi gashin wutsiyar doki kauri ba? Na ce, "Ba komai." Ya murza. Na cije na ce, "Ci gaba." Ya ƙara murzawa yana murna ya iya. Gumi ya karyo mini, ga ciki babu komai tun jiya, na ga fitilar ɗakin tana yin nisa. Farkawa na yi na ga ƙafafuna a kan matashi, farcen Malama a ƙarƙashin hancina, wata 'yar aji riƙe da kofin ruwan zafi da sukari.

Na ɗauka Halim za ta yi wa faɗa. Ni ta tsare da ido. Ba ta ɗaga murya ba, kuma Halim na fassarawa kansa a ƙasa. "Ka yi wa hannun ɗan'uwanka ƙarya. Yau ka koya masa cewa wannan sukar daidai ce. Gobe zai yi wa wata tsohuwa irinta da zuciya ɗaya, kuma kai ka jawo. Mutumin da ba zai faɗi abin da jikinsa ke ji ba, ba zan ba shi jikin wani ba."

Maganar ta shige ni fiye da allurar. Na ce a gaya mata ba ƙarya na yi niyya ba, haka aka rene mu. A wurinmu ko mutum yana gargarar mutuwa ka tambaye shi jiki, "da sauƙi" zai ce, don kar ya zama mai butulce wa Allah, kuma kar ya tayar wa nasa hankali. Ta ce, "To ta yaya kuke warkar da mutanen da ba sa faɗin ciwo?" Na ce muna dai famawa. Daga nan ban san lokacin da na kwashe labarin Inna na ba ta ba, har tandar waina, har sunana da ba ta faɗa. Ta sa na maimaita "da sauƙi" sau uku, ta rubuta a ɗan littafinta da irin rubutunsu. Na ɗauka ta huce. Sai ta miƙo hannu ta karɓe alluraina.

Sati biyar na yi a kan 'yar kujera a gefen gado. 'Yan aji na suka, ni aikina in riƙe wuyan hannun wanda ake yi wa, in zuba ido. Takan ce, "Bar kallon bakinsa, kalli ƙafarsa." A hankali na fara gani. Gefen ido yakan tsuke kafin mutum ya ce wash. Numfashi yakan tsaya. Ƙaramin yatsan ƙafa yakan lanƙwashe, bugun jini ya yi tsalle a ƙarƙashin yatsuna. Shekara tara ina murza gaɓoɓin mutane a Kontagora ban san jiki na magana haka ba, Allah ya yafe mini waɗanda na azabtar suna ce mini da sauƙi. Bayan haka kowace safiya ita da kanta take soka mini guda a gaban kowa, sai na faɗi abin da na ji da babbar murya. Ran farko "akwai zafi" ta fito daga bakina kamar mai amsa laifin sata.

Kwanaki na tafiya, aka fara kiran sunayen waɗanda za su shiga wajen majinyata, har da Halim, babu ni. In na kira gida na tambayi Inna, Rabi ta ce, "Ta ce da sauƙi." Wallahi a lokacin na tsani kalmar nan. Tsoro ya kama ni sosai, in ƙetare duniya in koma hannu rabbana, in ce wa Rabi me?

Wata Litinin da safe Malama ta shigo ta miƙo mini allura ɗaya. Ta cire takalmi, ta hau gadon gwaji, ta naɗe hannun riga, ta juya fuska ga bango. Halim ya ce, "Ta ce yau ita ce mahaifiyarka."

Wurin da ta nuna shi ne tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni. Na yi bisimilla na soka. Na ce a tambaye ta yaya. Tsohuwar nan ta buɗe baki, da Hausa, ta ce, "Da sauƙi." Aji ya fashe da dariya, ni ban yi ba. Gefen fuskarta ko gezau, amma na ga yatsan ƙafarta ya lanƙwashe a cikin safa, numfashinta ya tsaya. Na zare. Na ce, "Na kauce, ta ji zafi mai tsini." Na sake da sabuwar allura, na ɗan matsa kusa da ƙashi, na murza a hankali. Can sai na ji allurar ta yi nauyi a yatsuna, irin nauyin da igiya ke yi in guga ta cika a rijiya. Kafaɗarta ta saki. Na tambaya, ta ce, "Da sauƙi." Na ce, "Yanzu ta samu. Nauyi take ji, yana hawa." Ta tashi zaune, ta sa takalminta, ta yi wa Halim 'yar gajeriyar magana ta fita. Ya rungume ni ya ce, "Ta ce gobe ka zo da farar riga."

A watannin da suka rage na ga abubuwa. Na ga wani tsohon direban bas da ya zo hannu a sake, ya koma yana riƙe kofi. Na kuma ga waɗanda aka yi wa wata biyu babu abin da ya canja, Malama ba ta ɓoye musu ba, mu ma ba ta ɓoye mana ba. Ranar sallama ta ba ni gorar ruwan zafi, ta ce in gaishe da mahaifiyata, kuma kar allura ta sa a bar maganin hawan jini ko motsa jiki ko na rana ɗaya.

Dawowa ba ta da labari, in ban da cewa direban da ya ɗauko ni daga Minna shi ma tayarsa ta fashe.

Sai da aka yi kwana uku ana lallashi kafin Inna ta yarda. Wai ita ba za ta zauna ɗa ya mayar da ita abin gwaji ba. Rabi ce ta shawo kanta. Muka sa lokaci, da hantsi, a gindin mangwaron tsakar gida, sau uku a sati, bayan mun gama motsa hannun. Takan miƙo shi ta kawar da kai, tabon ƙunar nan na kallona. In soka, in murza, in tambaya. "Da sauƙi." Ni kuwa yanzu na iya kallo. Na kalli gefen ido, na kalli numfashi, na kalli yatsan ƙafa. Babu komai. Ba ɓoyewa take ba, babu abin ɓoyewar ne. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don dā ina iya yaudarar kaina. Sati ɗaya, biyu, huɗu, shida. Madam Rifkatu ta daina tsokanata, ta koma cewa tana sa Inna a addu'a.

Masu tambayar abin da ya fi ba ni mamaki a tafiyar nan suna jira in ce jirgin ƙasa. To ku ji. Ranar wata Laraba a sati na bakwai, Rabi na gefe tana tsince shinkafa a faifai, na soka a wurin nan na tsakanin babban yatsa da manuni, na murza kamar kullum, hankalina ma rabi na kan aikin da ke jirana a asibiti. Sai na ji igiya ta yi nauyi. Kafin in ɗaga ido Inna ta zabura.

"Wash! Kai Lawali, kashe ni za ka yi?"

Faifan ya suɓuce daga hannun Rabi, kaji suka yo kan shinkafa, babu wanda ya kore su. Inna ta kai hannun dama ta rufe baki. Shekarata talatin da takwas a duniya. Hawaye kawai ke sauka a kan gemuna, ga allura a hannunta ban isa in saki ba.

Da ƙyar na ce, "Inna, yaya kike ji?"

Ta ja mayafi ta gyara, ta juya fuska wajen katanga. Na ga bakinta ya ɗauko kalmar da ya saba, sai ta fasa.

"Rabi," ta ce, "gaya wa yayanki akwai zafi. Kamar an ɗora mini dutsen niƙa, yana hawa har gwiwar hannu."

Rabi ta juyo tana sharar ido da bakin zane, ta buɗe baki za ta maimaita mini.

Na ce, "Bar shi, Rabi. Na ji."